Kwana Bakwai Ana Jiran Ta Ce A'a

Zuwa ga ƙanina Ɗan Ruwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da mutanen jirgin naku, kuma teku bai juya maka hanji ba. Mu nan lafiya. Ƙafata da ke kumbura ta sauka. Auta ta fara cin abinci kaɗan-kaɗan. Saƙonka na ta'aziyya ya iso, na gode. Ban amsa da wuri ba don ban san abin da ake rubutawa ba.

Yau kwana ashirin da shida da rasuwar yayarka. Tun kwana na takwas na buɗe shago. Mutane na cewa na yi ƙarfin hali. Ba wani ƙarfin hali, injin ruwa huɗu na mutane ke kan benci, kuma ba za su gyara kansu ba. Ina tashi, ina shan shayi, ina zuwa aiki, ina dawowa. Iyakar labarina ke nan.

Dalilin wannan takarda, Auta ce. Za ta koma makaranta ƙarshen wata mai zuwa, kuma tana son hoton uwarta ta tafi da shi. Na nuna mata na bangon falo, na ranar aurenmu. Ta ce, "Baba, wannan wata yarinya ce, ni ban san ta ba." Na wayar Auta guda ɗaya ne, na gadon asibiti, shi kuma ba ta son kallonsa. Tawa wayar ka san ta, daga hoton janareto sai na fulogi. Wayar marigayiya ta ɓace a asibiti cikin ruɗanin ranar, ba mu ma tuna da ita ba sai bayan kwana uku.

To amma Auta ta ce duk hoton da uwarta ta ɗauka yana hawa wani shafi a intanet, kuma tana buɗe shi a kwamfutarta ta gida. Na ce mata ta bar min, zan fito mata da shi kafin ta tafi. Ka san ban taɓa cewa zan yi abu in kasa ba.

Na buɗe kwamfutar. Shafin hotunan yana neman kalmar sirri. A kusurwar burauza, wato manhajar shiga intanet, sama ta dama, akwai ɗan hoton makullin nan da ka maƙala mata bara da ka zo hutu, wanda ta ce yana riƙe mata duk kalmomin sirrinta. Na danna shi. Jerin sunaye ne ya fito, na wuta, na makarantar Auta, na asibiti, sun fi hamsin, kowanne da ɗige-ɗige baƙaƙe a gabansa. Amma bai cika min akwatin ba kamar yadda nake gani yana cika mata. Kuma burauzar tana jan ƙafa ƙwarai.

Ba wai ya gagare ni ba ne. Tunda kai ka ɗaura shi, na ga ya dace in sanar da kai kafin in sa hannu.

Yayanka,
Mai shagon injuna

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau nake, a gaida Auta. Muna barin tasha yanzu, minti biyu ya rage min na sabis. Don Allah kada ka taɓa komai. Wannan ba janareto ba ne. Ka bar shi yadda yake har in same ka, sati uku in Allah ya so.

Ƙaninka

*

Ɗan Ruwa,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya. Mu ma lafiya. Auta ta yi mura, ta warke. An yi ruwa, rufin bayan shago ya ɗan yi yoyo, na toshe.

Na ga layinka huɗu. Na karanta su a shago, na ajiye wayar, na gama ɗaure injin da ke hannuna, na sake karantawa. "Wannan ba janareto ba ne." Na gode da tuni. Ni na san a aji uku na sakandare na tsaya. Na kuma san da sifana biyu da filaya ɗaya na fara a ƙarƙashin rumfar kwano, yau ga shago mai ƙofa uku. Lokacin da kake zuwa gidanmu hutu da gajeren wando kana cinye wa yayarka burodi, ni nake gyara maka keke. Ban ji haushi ba. Kwanakin nan ba na jin haushin komai. Na dai lura.

Kwana tara na bar shi yadda ka ce. Kullum da safe Auta tana tambaya, "Baba, ya fito?" Ina ce mata saura kaɗan. Sau ɗaya ta ce in bari ta gwada. Na ce ta je ta haɗa kayanta, wannan aikina ne. Ba ta matsa ba, don har yanzu ba ta iya zama a kujerar uwarta.

Ranar Lahadi bayan azahar na zauna na yi tunani. Shekara talatin da ɗaya, duk injin da aka kawo min yana jan ƙafa, hanya ɗaya nake bi. In kwance shi kaf, in wanke kowane ƙarfe, in mayar da kowa mazauninsa. Ba ta taɓa ba ni kunya ba. Na shiga inda ake jera abubuwan da aka maƙala wa burauza, da kaina na gano wurin, ba wanda ya nuna min. Guda biyar na tarar. Akwai mai tare talla, akwai mai ƙara girman rubutu, akwai mai mayar da shafi baƙi don hutun ido, akwai wani na fassara, sai makullinka. Na cire su ɗaya bayan ɗaya. Na share duk tarkacen da burauzar ta tara. Na kashe, na kunna. Wallahi ta koma gudu kamar sabuwa.

Sai na nemo makullin na mayar da shi kusurwarsa, daidai inda yake. Na danna. Jerin sunayen bai fito ba. Akwati ɗaya ne fari, yana cewa in sa babbar kalmar sirri.

Ina ganin ƙaramin abu ne. Ka turo min kalmar, tunda kai ka ɗaura.

Yayanka

*

Ɗan Ruwa,

Sallama da gaisuwa. Lafiyarmu ƙalau, ina fata kai ma haka.

Sati uku da ka ce sun cika, har an ɗora kwana biyar. Idan maganata ta keke ce ta ɓata maka rai, ka ajiye ta gefe, wasa ne tsakanin mutum da ƙanin matarsa. Ko da yake ɗan kawunta ne kai, ba ciki ɗaya ba, ita dai ƙani ta ɗauke ka, ni ma haka. Idan kuma so kake in roƙe ka, ka faɗa a fili.

Na gwada abin da na sani. Sunanta, sunan Auta, sunana, shekarar aurenmu, lambar gidan nan, sunan mahaifiyarta. Na rubuta su a kwalin fulogi ina sokewa. Bayan na goma sha biyu abin ya ce in dakata awa ɗaya. Na dakata. Ina zaune ina kallon allon, tallan takalma yana ta tsalle a gefe, rubutun kuma ya koma ƙanana. Sai a ranar na gane idon yayarka ya yi rauni har haka. Ba ta faɗa min ba, ko ta faɗa ina wani abu.

Jiya Auta ta shigo ta same ni a kai. Ta tsaya a bayana, ta ce, "Ina jerin nan da yake fitowa?"

Na ce ina gyara ne.

Ta ce, "Baba, kwance shi ka yi ko?"

Na ce an wanke shi ne kawai.

Ta ce, "Mama ta ce ko agogon bango ba a barinka da shi kai kaɗai a ɗaki." Ta yi 'yar dariya, sai dariyar ta tsaya. Ta ce, "Shi ke nan. Na asibitin ma ya isa." Ta fita ta ci gaba da ninke kaya.

Saura kwana goma sha shida ta tafi. Ina sanar da kai ne kawai.

Yayanka

*

Yaya,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina lafiya, sai dai gajiya. Ina gaida Auta, Allah ya ƙara mata lafiya da haƙuri. Yau da safe muka shigo tasha, takardunka biyu suka faɗo min tare. Ba fushi na yi ba, Yaya. Injin jirgi ne ya samu matsala muka yi kwanaki a tsakiyar ruwa, ba sabis ko na layi ɗaya. Da kana nan da ka kwance mana shi mun huta.

Maganar janareto kuma, ba raini ba ne. A tsaye na rubuta ta, ana janye tsani. Abin da nake nufi shi ne, janareto idan ka kwance shi, ƙarafunan suna nan a kan benci. Wannan kuwa idan ka cire shi, yana rufe kansa. Laifina ne da ban ƙara layi ɗaya na faɗi haka ba.

Bari in faɗa maka gaskiya yadda take. Jerin da ka gani ranar farko, ma'ajiyar kalmomin sirrinta ce a buɗe. Marigayiya ta gaji da sa babbar kalma kullum, ta sa na saita mata shi ya zauna a buɗe a wannan kwamfutar kaɗai. Da ka danna sunan shafin hotunan, akwai ɗan hoton ido a gefe, da ya nuna maka kalmar. Da ka cire shi ka mayar, sai ya ɗauke ka baƙo. Babbar kalmar ba ni da ita. Ta sa na juya baya lokacin da take rubutawa, har tana cewa, "Kai da bakinka, kafin yamma duk dangi sun ji." Su kansu masu abin ba su da ita, haka aka gina shi. Ka daina gwadawa. Layin wayarta kuma, wanda da shi za a iya sauya kalmar shafin hotunan, ba za a ba ka ba sai da takardu, Auta za ta daɗe da tafiya kafin nan.

Hanya ɗaya ta rage, kuma ba zan bi ta ba sai da izininka.

Abin yana da ƙofar gaggawa. Mai ma'ajiya yana zaɓar mutum ɗaya ya sa sunansa, don irin wannan rana. Idan mutumin ya nemi shiga, sai a tura wa mai ma'ajiyar saƙo a tambaye shi. Idan ya ce a'a, an rufe magana. Idan ya yi shiru kwana bakwai, sai a buɗe.

Kai ta so ta sa. Ban san ko ka tuna ba. Kana tsakar gida da injin wani a gabanka, ta leƙo ta taga ta ce, "Baban Auta, zo a sa sunanka, minti biyu ne." Ka ce kai ba ka ajiye komai naka a aljihun wani kamfani, abin da ke kanka ya ishe ka. Ta sake kira, ka tayar da injin. Auta a lokacin ba ta da imel nata. Sai ta ce, "To sa naka, kafin ya sauko daga taurin kansa." Ni kuma na manta da zancen, sai yau da nake karanta takardarka.

Ka gane abin da nake tambaya. Idan aka buɗe, komai nata zai zo gabana, ba hotuna kaɗai ba. Na yi maka alkawari kalmar shafin hotuna da ta imel ɗinta kawai zan ɗauko in turo, sauran ba zan duba ba. Amma matarka ce. Muna nan a tasha kwana uku, sannan za mu dawo cikinta bayan kwana takwas. Idan ka amsa kafin jibi, za a buɗe kafin Auta ta tafi. Idan ka wuce jibi, ba za a samu ba.

Ƙaninka

*

Ɗan Ruwa,

Na samu takardarka, lafiya muke.

Na tuna ranar. Injin mai gidan burodi ne, fistin ɗinsa ya ci. Injin na tuna sosai. Kiran da ta yi, sai da ka faɗa.

Jiya na rubuta maka amsa na ce a'a. Na ce ba wani namiji da zai shiga kayan matata ina raye, ko ɗan kawunta ne. Na ce zan nemo mai gyara a nan. Har na je. Akwai wani mai shagon kwamfuta a layin bayanmu, na taɓa gyara masa janareto. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Maigida, ko ni na ƙera abin nan ba zan iya buɗe shi ba. Wa ya cire?" Na ce wani ne a gida. Ya ce, "To wannan wanin ya yi aiki." Na ɗauko kwamfutar na dawo.

Amsar tana nan ban tura ba. Da safe na tarar Auta ta kai hoton asibitin an wanke mata shi ƙarami, ta sa a cikin littafinta. Akwai robar hanci a fuskar. Na gani lokacin da take zuba min shayi, littafin yana buɗe a kan tebur. Ba ta ɓoye ba, ba ta kuma nuna min ba.

Ka danna, ka nemi a buɗe ƙofar gaggawar.

Tambaya ɗaya. Saƙon da za su tura mata, ina zai je? Wayar ba ta nan.

Yayanka

*

Yaya,

Ina gaisuwa, ina lafiya. Na danna yau Laraba da hantsi. Saƙon zai shiga imel ɗinta ne ya zauna, ba mai buɗewa. Laraba mai zuwa da hantsi za a buɗe. Babu abin da za ka yi daga nan zuwa lokacin, kuma babu abin da za ka iya ɓatawa. Ka ci abinci.

Ƙaninka

*

Zuwa ga ƙanina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata ka koma ruwa lafiya. Ni lafiya. Ƙafar ta ɗan sake tashi, ba sosai ba. Auta ta tafi jiya, ta kira ta ce ta sauka lafiya, tana gaishe ka.

Kwana bakwai ɗin sun wuce kamar sauran. Ina zuwa shago, ina dawowa. Kwamfutar tana kan teburinta a rufe, na ɗora mata ƙyalle saboda ƙura. Wani lokaci ina cikin ɗaure ƙusa sai in tuna ana can ana jiran ta ce a'a. Mace ce da ba ta rasa abin cewa. Ban taɓa jin an tambaye ta abu ta yi shirun minti ɗaya ba.

Kalmomin biyu sun iso ranar Alhamis da safe. Na gode da ka tsaya a inda ka ce. Ban sa hannu ba. Na kira Auta, na ja mata kujerar uwarta, ta tsaya tana kallonta, sannan ta zauna. Ni na ɗauko ta roba na zauna a gefe, hannuwana a kan gwiwa. Ta rubuta, shafin ya buɗe.

Hotuna dubu uku da wani abu. Mun fara daga sama. Auta da kayan makaranta. Auta tana barci a mota. Takardar magani. Labule a shago da ta so ta saya. Kai kanka kana ciki, da bakinka cike da burodi. Muka yi ta sauka har la'asar. Can Auta ta ce, "Baba, ba ta ciki." Haka ne. Ita ke ɗauka, ba wanda ya taɓa karɓar wayar ya ce tsaya in ɗauke ki. Ni ban taɓa ba.

Guda ɗaya muka samu. Tana ɗaukar Auta a gaban madubin ɗaki, sai ta fito a cikin madubin, wayar ta rufe mata rabin fuska. Ido ɗaya, kunci ɗaya, tana dariya. Auta ta matso da shi har ya cika allon, ta ce, "Wannan ita ce." Shi aka wanke mata babba, ta sa a tsakiyar kayanta don kada gilashin ya fashe. Na asibitin ta bar shi a aljihun tebur.

Akwai kuma bidiyo ashirin da bakwai. A nan ma ba a ganinta, amma ana jinta. Tana cewa, "Juyo mana," tana cewa, "Kai, wannan yarinya." Auta ta yi kuka. Ni na ji muryar, na gane ta, na zauna. Ban ji wani abu ba tukuna. Mutane sun ce yana zuwa.

Hotunan da nake ciki Auta ta ƙirga, don shafin yana ware fuskoki da kansa, amma ni bai ware ni da kyau ba, sai da hannu ta bi. Sun haura ɗari huɗu. A tsakar gida, a shago, a ƙarƙashin motar maƙwabci. Yawanci bayana ne, ko tsakiyar kaina, na sunkuya a kan wani ƙarfe. Ban san tana ɗauka ba. Mun duba ko akwai wanda na ɗago na kalle ta. Babu.

Akwai bidiyo ɗaya na daƙiƙa goma sha tara. Ina zaune a ƙofar kicin ina shan shayi, tana kiran sunana daga bayan wayar, sau uku. Kafin ta tafi Auta ta nuna min yadda ake nemo shi, na ce na gane. Yau da safe na buɗe kwamfutar, na ga shafin, ban san inda zan danna ba, kuma ina tsoron in taɓa wani abu. Na rufe.

Idan ka samu sabis, ka rubuto min yadda ake yi, ɗaya bayan ɗaya, da manyan baƙaƙe. Ka haɗa da yadda ake mayar da mai ƙara girman rubutun nan. Ban iya ba. Zan jira.

Yayanka,
Baban Auta